Yadda Nea Gligor Ya Ɗumama Gidansa

Duk wanda ya yi mako guda a layinmu ya san cewa Nea Gligor ya shekara goma sha ɗaya yana kula da injin jirgin ruwa a kogin Danube. Ya sani ne domin Nea Gligor ya gaya masa a rana ta farko, ya kuma maimaita masa a ta biyu. Wanda ya kai wata guda kuwa, sai ya ji daga bakin surukarsa, Mamaia, cewa dankali yake ferewa a kicin ɗin jirgin, kuma ko ferewar ma sau biyu ana karɓe masa wuƙa.

Ni sunana Ilarie. Bango ɗaya ne ya raba gidana da nasa, saboda haka abin da zan faɗa, wani na gani, wani na ji, wani kuma ya ratso bangon ya same ni har ɗaki.

Farkon watan Nuwamba 'yarsa Sanda ta bugo waya daga Italiya. Ta haihu, an samu mace, kuma tana son a yi baftismar jaririyar a cocin ƙauyenmu. Amma da sharaɗi.

“Baba, ba zan kawo jaririya ɗakin da murhun itace yake hayaƙi ba. Bututun gas ya wuce ta ƙofar gidanku shekara shida, girki kawai kuke yi da shi. Ku kira Ruxandra ta sa muku tukunyar ɗumama gida. Ni da Saverio za mu ɗauki nauyi.”

Ruxandra ita ce mai lasisin haɗa gas a yankinmu. Jin sunanta kaɗai ya sa gashin bakin Nea Gligor ya miƙe.

“Ruxandra? Yarinyar da na sani tana yawo da majina? Ita za ta shigo gidana da sifana? Ni da na riƙe injin da ya fi cocin nan girma?”

Matarsa, Tanti Zamfira, ta ce, “Gligor, gas ne fa.”

“To? Gas ai iska ce. Shekara sittin da takwas ina shaƙar iska, yau za a koya mini ita?”

Ranar Lahadi ya tafi kasuwar 'yan gwangwan a Arad, ya dawo da tukunya a bayan motar ƙanensa, farar aba kamar ƙaramin firji, gefe guda a lotse. Takardar bayaninta an rubuta ta da wani yare da ko malamin makarantarmu sai da ya juya ta sama da ƙasa, sannan ya ce wataƙila na Holan ne.

Nea Gligor ya karɓe takardar ya shimfiɗa a ƙarƙashin kwanon kyanwa. “Inji ba ya jin yare, maƙwabci. Hannu yake ji.”

Mai hankali zai fara kafa sabo kafin ya rushe tsoho. Nea Gligor da guduma ya fara. Tsohon murhun tayil ɗin nan kore, wanda mijin Mamaia ya gina da hannunsa, ya ce yana cin wuri. Ina tsakar gida ina saran itace na ji wani gim, sannan tsit, sannan tagogin gidansu suka yi baƙi daga ciki. Kunkunniyar shekara hamsin ce ta zubo lokaci guda.

Na ruga na buɗe ƙofa. Mamaia, mai shekara casa'in da ɗaya, tana zaune a kujerarta da saƙa a hannu, baƙa ƙirin tun daga ɗankwali har safa, idanu kawai ake gani.

Ta ce, “Ilarie, ɗana, shigo. Ko kai ma ka mutu ne? Na ɗauka a wutar sai ni da shi.”

Nea Gligor ya fito daga cikin ƙurar yana tari. “Mama, wannan shi ake kira share fage.”

“Ka share. Yanzu da me za mu ji ɗumi?”

“Kwana biyu kacal!”

Daren farko ƙanƙara ta sauka. Washegari Tanti Zamfira ta fara girki da babbar rigar sanyi da safar hannu, Mamaia kuwa ta sa aka ɗora mata barguna uku da kyanwa a kai.

Kwana na huɗu ya zo rataye tukunya. Ya aro injin huda bango mai baki tsawon hannu. Ni da matata Veturia muna cin tuwon masara da cuku, sai hoton aurenmu da ke bango ya fara rawa. Kafin in tashi, bakin ƙarfe ya ɓullo ta tsakiyar goshina a hoton, yana juyawa.

Veturia ta dube shi, ta dube ni. “Shekara talatin ina cewa akwai rami a wurin nan.”

Na kara bakina a hudar. “Nea Gligor! Ka shigo ɗakina!”

Muryarsa ta fito ta ramin, har da warin tafarnuwa. “Bangonku ne siriri. Magina na da ba su da tsoron Allah. Matsa, saura uku.”

Sauran ukun ma duk sun fito.

Tanti Zamfira ta ga abin ba na ƙarewa ba ne, ta kira Ruxandra a ɓoye. Ta zo da farar motarta, mace ce gajera mai ƙaramar murya, ta tsaya a bakin kicin hannu a aljihu tana kallon bututan da ya jera. Sun bi bango, sun hau sama, sun sauko, ɗaya ma ya zagaye agogo.

Ta ce, “Nea Gligor, na ruwa dai ka yi wasanka, iyaka ka jiƙe. Amma abu biyu kada ka taɓa. Kada ka taɓa gas. Kada kuma ka sa hayaƙin tukunyar nan a tsohon bututun hayaƙinku sai an duba shi an share. Tukunyar ma ba na son kamanninta. Ka kira ni, yini ɗaya ne.”

“'Yata, a Danube, cikin guguwa, ni kaɗai na taɓa…”

Daga ƙarƙashin barguna Mamaia ta ce, “Fere buhu biyu.”

Ruxandra ta danne dariya ta fita. Tanti Zamfira ta sa shi ya rantse da kan jikarsa cewa ba za a kunna komai ba sai Ruxandra ta duba. Ya rantse har da dafa ƙirji.

Ranar Alhamis Tanti Zamfira ta tafi gari sayen kabeji da nama na biki. Ko motar ba ta sha kwana ba ya leƙo ta kan katanga.

“Maƙwabci, ara mini mesar da kake ba tumatir ruwa.”

“Lambu a cikin ƙanƙara?”

“Kawo dai.”

Na bi mesata don in ga makomarta. Na tarar ya kwance bayan murhun girki, ya cusa baki ɗaya na mesar a bututun gas, ɗaya bakin a gindin tukunya, ya ɗaure da waya da tsohuwar safa. Ya buɗe makunni. Wari ya tashi. Sai na ga ya laluba aljihu ya fito da ashana.

“Me za ka yi?”

“In ga inda yake yoyo mana.”

Ban san Mamaia na da sauran gudu a jikinta ba. Sandarta ta sauka a kan hannunsa, ashana ta watse a ƙasa.

“In kana son ganin mahaliccinka, tafi kai kaɗai! Ni na yi masa alkawari sai bayan biki!”

Na rufe makunnin, na buɗe tagogi. Na ce na taɓa ganin Ruxandra tana shafa ruwan sabulu a mahaɗa, inda ya yi kumfa nan ne yoyo. Ya ce ai dabarar tasa ce, a jirgi aka sace. Ya shafa. Mahaɗar ta yi kumfa kamar ana wanki.

Ya ja da baya yana murmushi. “Ka gani? Ƙarfi ke nan. Gas na wasu ko kumfa ba ya yi.”

Ya naɗe wurin da salatif har ya zama ƙato kamar kan kabeji, kumfar ta ragu. Ya ɗauki bututun hayaƙin tukunyar ya tura cikin ramin da tsohon murhu ya bari a bango, ya liƙe da laka. Da Tanti Zamfira ta dawo, ya tare ta tun daga ƙofa.

“Kin yi rashi. Yanzun nan Ruxandra ta tafi. Ta duba komai. Har cewa ta yi in na samu lokaci in koya mata ɗaurin nan.”

Tanti Zamfira ta dube ni. Ni kuwa na dubi takalmina. Wannan shirun nawa har yau in na tuna sai kunnuwana su yi zafi. Mamaia ta riga ta koma barci, da ba a kwashe da daɗi ba.

Aka kunna na gwaji, tagogi a buɗe saboda warin laka. Tukunya ta yi tari, ta yi gurnani, ta kama. Nea Gligor ya bi lagireton kowane ɗaki, ƙarfen nan da ruwan zafi ke bi ya ɗumama wuri, yana dafawa. Sanyi ƙalau. Muna cikin haka sai muka ji muryar Mamaia daga banɗaki.

“Zamfira! Zo ki gani!”

Tururi ne yake tashi daga masai, kamar an sauke tukunyar miya. Ruwan zafin duk can ya tafi.

Mamaia ta ce, “Kada wanda ya taɓa. Shekara arba'in da biyu yana gidan nan, yau ya yi abu ɗaya mai amfani.”

Kwana biyu ya yi yana sauya bututai. Lagireto suka ɗauki zafi, masai bai daina nasa ba. Ya ce da gangan ya bar shi, haka ake yi a manyan otal na Vienna.

Ranar Asabar su Sanda suka iso, suka sauka a gidan 'yar'uwarta a gari. Lahadi aka yi baftisma, aka sa wa yarinya Tudora. Tun da safe Nea Gligor ya ƙure tukunya har ƙarshe. Ya bi tagogi ya liƙe da takarda. Akwai wata 'yar kafar shan iska a ƙasan bangon kicin, ya toshe ta da tsohon wando.

“Ta nan ɗumi yake gudu. Yau ɗan Italiyan nan zai san ya zo gidan injiniya.”

Da azahar mutum ashirin da wani abu muka cika falo. Ga sarmale, wato naɗin kabeji da nama, ga gasasshiyar kaza, ga tsuika, barasarmu ta gida, a kwalabe. Fada Onufrie, mai gemu har ciki, ya zauna a kan tebur. Zafi kuwa ba a magana, maza sun cire kwat, mata suna fifita da faranti. Saverio, mijin Sanda, mutum mai ladabi da bai iya yarenmu ba sai “na gode”, ya shiga banɗaki ya fito da sauri, fuska ja, ya raɗa wa matarsa wani abu.

Nea Gligor ya ce, “Me ya ce?”

“Ya ce… bai taɓa ganin irinsa ba.”

“Gaya masa ko a Roma babu!”

Ya miƙe da kofi a hannu ya fara jawabi. Ya faro daga Danube. Kafin jirgin ya kai Belgrade na ji kaina yana sarawa. Na ɗauka tsuika ce, ko jawabin. Veturia ta dafe goshi. Ƙanen Nea Gligor, wanda bai taɓa barin abinci a faranti ba, ya ture nasa. Fada Onufrie ya miƙe zai sa albarka, ya ɗaga hannu, ya ce, “Ya Ubangiji, ka albarkaci wannan…” ya yi hamma, ya koma ya zauna, gemunsa ya shiga cikin miya.

Nea Gligor ya ce, “Kun gani? Ɗumi na gaskiya. Har Fada ya samu natsuwa.”

Sai wani abu ya fara ƙara. Tsit-tsit-tsit-tsit, mai tsinin da ke shiga haƙori. Kowa ya laluba wayarsa. Ba waya ba ce. Daga cikin kayan tsaraba yake fitowa, wani ƙunshi mai jan ƙyalle da aka rubuta “Baba” a kai.

Nea Gligor ya ɗauka yana girgizawa. “Agogo kuka kawo mini? Ya ma lalace tun a hanya. Kawo wuƙa in cire batirin.”

Sanda ta yi fari fat. Na'urar jin gubar hayaƙi ce ta sayo masa, irin gubar nan da ba ta da wari ba ta da launi, Saverio ya sa mata batir tun a can don ya gwada. Ta fizgi jaririya daga hannun uwar baftisma, ta yi ƙofa tana ihu.

“Waje! Kowa waje! Ku buɗe tagogi! Saverio, ɗauko Mamaia!”

“Wane irin waje? Ɗumin zai fita!”

Tanti Zamfira ta ja tagar falo, takarda ta riƙe. Ta ɗauki ludayin ƙarfe ta fasa gilashin. Ni na ruga bakin titi na rufe babban makunnin gas. Saverio ya fito da Mamaia a kan kujerarta, saƙa da komai. Mutum huɗu suka jawo Fada, ƙafafunsa suna jan ƙasa, yana cewa, “Amin, amin, ina hulata?”

Haka muka jeru cikin ƙanƙara, ba kwat, wasu da cokali a hannu. Duk layin ya fito kallo. Motar asibiti ta zo, 'yan kwana-kwana suka zo, bayansu farar motar Ruxandra. Aka fara da jaririya. Minti biyar likita ta yi tana duba ta. Nea Gligor yana tsaye kusa da ni, idonsa a kan jikarsa. Da likitar ta ce lafiyarta ƙalau amma za a tafi da ita da uwarta a ƙara dubawa, sai ya zauna daɓas a kan ƙanƙara.

Fada da wasu uku aka ɗaura musu robar numfashi. Ɗaya daga 'yan kwana-kwana ya hau rufi da ƙugiya, ya zura cikin bututun hayaƙi, ya fara jawowa: ƙirare, tsummoki, gashin tsuntsu, sheƙar hankaki guda cur da suka gina tun bazara, har da cokalin shayi. Yana jefowa, mutane suna ihu kamar a filin ƙwallo.

Ruxandra ta fito daga gidan riƙe da mesata da yatsu biyu, ƙullin salatif yana lilo. Babban 'yan kwana-kwanan ya karɓa, ya juya ta, ya ɗaga sama.

“Wa ya yi wannan aikin?”

Nea Gligor ya riga ya miƙe, ya karkaɗe wando. “Ranka ya daɗe, mesar dai ta maƙwabcina ce.”

“Nea Gligor!” na ce.

Tanti Zamfira ta matso. “Ruxandra, 'yata, ba ke kika duba ranar Alhamis ba?”

“Tanti, ranar Alhamis ina Timishoara wajen likitan haƙori.”

“Ya ce har kin roƙe shi ya koya miki ɗauri.”

Ruxandra ta dubi ƙullin. “Wannan kam ban iya ba.”

Layi ya kwashe da dariya. Tanti Zamfira ba ta yi ba. Har yanzu ludayin yana hannunta. Ta tako a hankali ta tsaya gaban mijinta.

“Da kan jikarka ka rantse.”

“Zamfira, ki duba lamarin da idon basira. Mutum ashirin da uku, ko ɗaya bai mutu ba. Wane injiniya ne zai…”

Ludayin ya sauka a kafaɗarsa. Ya juya ya dubi Fada don neman ceto. Fada Onufrie ya ɗaga robar numfashi daga bakinsa.

“'Yata Zamfira, coci ba ta yarda da duka ba.” Ya ja numfashi. “Amma idona bai gama washewa ba, ba na ganin komai.”

Ya mayar da robar. Nea Gligor ya bi layi da gudu cikin silifas, tana biye, yara da karnuka suna raka su har bakin shago.

Aka sa hatimi a makunnin gas ɗinsu. Ruxandra ta ce tukunyar ba ta gyaruwa, sabuwa kuma sai bayan Kirsimeti. Gida ba murhu, ba gas, ba gilashi a taga. Veturia, da bakinta ya fi zuciyarta kaifi, ta ce su dawo wurinmu. Mamaia ta samu gadonmu, Tanti Zamfira ɗakin baƙi, Nea Gligor kujerar kicin, domin matarsa ta ce ko numfashinsa ba ta son ji. Sanda ta kawo Tudora ta yi mana kwana uku kafin su koma. Ta ba Nea Gligor jaririyar ya riƙe, amma sai da ta sa ya zauna, ta kuma tsaya a kansa.

Mako guda ya yi ba ya magana sai gaisuwa. Har na fara jin tausayinsa. Rana ta takwas muna karin kumallo, tukunyarmu, wadda Ruxandra ta kafa shekara huɗu ba ta taɓa ko tari ba, ta kama kamar kullum. Nea Gligor ya ajiye cokali. Ya karkata kai, ya rufe ido ɗaya.

“Maƙwabci, kana jin wannan ƙarar?”

“Ba na jin komai.”

“Ai ba za ka ji ba, sai mai kunnen aikin. Ba wani abu ba ne, minti goma ne. Ina kake ajiye sifana?”

Veturia ta ajiye kofinta. Ta tashi ta ɗauko kwaɗo daga ƙofar rumbun itace, ta datse akwatin tukunyar, ta miƙa wa Mamaia makullin. Mamaia ta zura shi cikin rigarta, can ƙasa, ta gyara zama, ta dubi surukinta.

“Zo ka ɗauka, injiniya.”